Ƙaro: Mai Haɗa Kayan Ruwa, Mai Kuma Raba Su

Duk ɗan kasuwar da ke fataucin kayan ruwa daga Legas ta Seme da Aflawo zuwa Akra ya san wannan ciwon kai. Ana loda katan ɗin lemo ko madarar kwalba ko fenti lafiya lau, amma kafin a sauke a Nima ko Mamobi ko Alajo sai a tarar kayan sun rabe gida biyu, kauri a gefe, tsararo a gefe. Mai saye ya ce sun lalace, a karya farashi, uwar kuɗi ta tafi. Sau da yawa laifin na zafi ne ko daɗewa. Amma akwai wani dalili da masana kimiyya suka gano, kuma ƙaro, wanda Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni, shi ne misali mafi kusa.

A duba tawadar makarantun allo na Zango. Kunkunniya ko garin gawayi ba sa narkewa a ruwa. Ƙananan ƙwayoyi ne ke yawo a ciki. Ƙaron da malam ke sakawa yana manne wa kowace ƙwaya kamar riga, ya hana ta haɗuwa da 'yar'uwarta. Wannan aikin ne kamfanonin lemo ke nema, shi ya sa suke sayen ƙaron dakwara daga Sudan da Chadi da jihohin Yobe da Borno da Jigawa. Wanda ya ga lamba E414 a jikin kwalba, ƙaro ne ya gani.

To, ina matsalar take? Ƙaro na cikin abubuwan da masana ke kira folima, wato dogayen zaruruwa da ido ba ya gani, masu dunƙulewa a ruwa kamar curin zare. Idan aka zuba fiye da abin da ƙwayoyin za su iya yafawa, ragowar sai ta riƙa yawo sakaka. Ɗauki misalin manyan motoci biyu da suka tsaya dab da juna a tsakiyar kasuwar Nima ranar Laraba. Jama'a ba sa iya ratsa tsakaninsu, sai turereniya ta ta'allaƙa a waje kawai. Da motocin marasa nauyi ne, da an manne su da juna. Haka sakakken ƙaro ke yi: ba ya samun shiga tsakanin ƙwayoyi biyu da suka kusanci juna, sai matsinsa daga waje ya haɗe su. Su taru curi-curi, masu mai su taso sama, masu nauyi su kwanta ƙasa.

Wasu masana biyu na Jami'ar Nagoya a Japan, Asakura da Oosawa, su ne suka fara bayanin wannan a shekarar 1954. A 1976 wani masani na Jami'ar Utrecht a Holan mai suna Vrij ya sake gano shi. Binciken da ya biyo baya ya nuna girman curin zaren na da tasiri. Idan ya kai wajen sulusin girman ƙwayar ko ya fi, ruwan kan rabe gida biyu, mai kauri da mai tsarari. Idan ƙarami ne sosai, ƙwayoyin kan jeru a tsare ko su daskare kamar kamu. A 2001 kuwa, Chanamai da McClements na Jami'ar Massachusetts a Amurka suka nuna cewa ƙaron da ya wuce kima na sa ƙwayoyin man da ke cikin haɗin lemo su taru su taso. Masu sarrafa ruwan roba ma kan yi amfani da wannan dabara da gangan, don su tattara robar a sama kamar man shanu.

Darasin ga mata masu yin burkina da lamurje da sauran abin sha na sayarwa a Zango shi ne, ƙara abin kauri ba kullum yake gyara ba. Kaɗan na iya riƙewa, ƙari na iya rabawa. Gara a gwada a ƙaramar kwalba, a ajiye kwana ɗaya, kafin a haɗa bokiti guda.

Ga 'yan kasuwa kuma, irin wannan rabewar ba ta da ƙarfi. Girgizawa kan mayar da kayan yadda suke, shi ya sa ake rubuta a girgiza kafin a sha. Amma idan an girgiza gudaji bai watse ba, ko kwalba ta kumbura, ko wari ya sauya, wannan lalacewa ce, kuma sayar da ita zalunci ne. A duba ranar ƙarewar aiki da rajistar NAFDAC ko ta Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana tun a wajen sari, domin rigakafi ya fi magani.