Wasan Da Aka Tashi Ba a Gama Ba

Mutum biyu ne, gwanintarsu ɗaya, kowa ya zuba tsabar zinariya 32. Sharaɗin shi ne wanda ya riga cin wasa uku ya kwashe 64 ɗin. Na farko ya ci biyu, na biyu ya ci ɗaya, sai uzuri ya tashe su. Yaya za a raba kuɗin ba a cuci kowa ba?

Tambayar ta daɗe tana ba masana lissafi wahala. A shekarar 1494 Luca Pacioli na Italiya ya ce a raba gwargwadon abin da kowa ya ci. Wani masanin, Tartaglia, ya gano ɓarakar wannan hukunci: in da an tashi bayan wasa ɗaya tak, ke nan wanda ya ci zai tafi da komai, alhali tafiya ba ta yi nisa ba.

Sai a 1654 aka kamo bakin zaren, cikin wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a Faransa. Suka bar abin da ya wuce, suka ƙirga abin da ya rage.

Da farko, wasa nawa ya rage? Bai wuce biyu ba. To, ta hanya nawa biyun za su kaya? Huɗu: na farko ya cinye duka, ya ci sannan a ci shi, a ci shi sannan ya rama, ko a cinye shi duka. Uku daga ciki nasa ne, ɗaya na abokin karawarsa. Ashe rabo 48 ne da 16.

Wani masanin lissafi, Roberval, ya ta da ƙura: ai an ƙirga har da wasan da ba za a buga ba, tunda in na farko ya ci na gaba magana ta ƙare. Gaskiya ne, amma cin nan ɗaya nauyin hanya biyu yake ɗauke da shi, domin ko an ci gaba sakamakon ba zai sauya ba.

Pascal ya bi ta wata ƙofa: ko an ci na farko a wasa na gaba, 32 nasa ne, ragowar 32 kuma a raba biyu. Lissafi ya sake faɗawa kan 48.

A 1657 Christiaan Huygens ya buga littafi kan irin wannan lissafi, lissafin da a yau kamfanonin inshora ke dogara da shi.