Wa Ke Kashe Maigadin?

Ga kacici-kacici, mai karatu. A cikin ƙwayoyin halittar jikinka akwai wani furotin da ake ƙerawa dare da rana, amma da ƙyar yake kai minti ashirin kafin a hallaka shi. A ƙera wani, a sake hallakawa. Sunansa p53. Laifin me ya yi?

Zaton farko, mugu ne. A 1979 aka gano shi, manne da furotin ɗin wata ƙwayar cuta mai suna SV40, ga shi kuma jibge a cikin ƙwayoyin ciwon daji. Masana suka ce an kama ɓarawo. Sai a 1989 Bert Vogelstein da abokan aikinsa suka duba dajin hanji, suka tarar wanda ke wurin nakasasshe ne. Lafiyayyen shi ke hana daji. Ashe maigadi aka kama.

To me ya sa ake hallaka shi? Ko tsufa yake yi? Ina! Da ƙarfinsa ake ɗauke shi. Ko baƙo ke shigowa ya yi ɓarna? Ɗan gida ne.

Sunansa MDM2. Shi ke liƙa wa p53 wani ɗan tambari, ubikwitin, injin niƙan furotin kuwa duk wanda ya gani da jerin tambarin nan sai ya haɗiye shi ya daddatsa. Wa ke ba da umarnin ƙera MDM2 ɗin? Riƙe numfashinka. p53 ne da kansa.

A 1995 aka cire wa ɓeraye MDM2. Tun suna ciki suka mutu. Aka cire shi tare da p53. Suka rayu.

Ka gane? Maigadin nan ba ya wasa. Idan ya taru, yakan hana ƙwaya rabuwa, ko ya sa ta kashe kanta, don haka ba a barinsa ya yi yawa a zaman lafiya. Amma ranar da zaren DNA ya tsinke, babu lokacin fara ƙira daga tushe. Wani furotin, ATM, yakan ɗora wa p53 da MDM2 fosfet, hannun MDM2 ya suɓuce, niƙa ta tsaya. Nan da nan p53 ya cika wuri, a dakatar da rabuwa har a ɗinke ɓarakar, kada a gadar wa 'ya'yan ƙwayar kuskure.

Wata ƙwayar cuta ta san wannan sirri. HPV, mai jawo dajin bakin mahaifa, tana da furotin E6 da ke sa a liƙa wa p53 tambarin ko da DNA na tsinkewa.