Ƙarancin gidaje da wahalar samun ma'aikata: abin da ya kamata mai sana'a ya sani

In kana da shago, gareji, gidan burodi, makaranta mai zaman kanta ko ƙaramin asibiti, ka san samun ƙwararren ma'aikaci yana da wuya, riƙe shi kuma ya fi wuya. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan albashi, alhali kuwa wurin kwana ne tushen matsalar.

Me ya kawo ƙarancin gidaje?

Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna yawan mutanen Nijar ya zarce miliyan 17, kuma yana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Yamai kaɗai ta haura mutum miliyan 1 a lokacin. Jama'a na kwararowa birane, amma gine-gine ba su ƙaruwa daidai da su, saboda tsadar fili, siminti da kwano. Jami'o'in da aka kafa a Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010 sun ƙaro dubban ɗalibai masu neman ɗakin haya. Ga kuma ambaliya: ta 2020 ta rushe gidaje masu yawa a bakin kogi a Yamai, ta 2024 kuma ta shafi mutane fiye da miliyan 1, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Duk gidan laka da ya faɗi, iyali guda ne suka ƙaru cikin masu neman haya.

Ta yaya abin yake shafar sana'arka?

Na farko, ƙwararren da ka gayyato daga wani gari yakan fasa zuwa in ya ji kuɗin haya, musamman da yake masu gidaje kan nemi kuɗin watanni tun kafin a shiga.

Na biyu, wanda ya karɓi aikin yakan koma bayan gari inda ɗaki ke da sauƙi, sai kuɗin sufuri ya cinye abin da ya rage. An tsayar da mafi ƙarancin albashi a ƙasa a kan jika 42. A ƙaddara ma'aikacinka yana biyan kabu-kabu dala 100 kowace rana, zuwa da komawa: cikin kwana 26 na aiki ya kashe jika 13, wato kusan kashi 1 cikin 3 na wannan albashi, bai biya haya ba, bai sayi hatsi ba. Sakamakon haka shi ne makara, gajiya da yawan neman rance.

Na uku, wanda ya bar iyalinsa a ƙauye don ba shi da inda zai sauke su, hankalinsa yana gida. Da damina ta kama sai ya tafi, kai kuma ka koma horar da sabon mutum da kuɗinka da lokacinka.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka. Kamfanonin haƙar uraniyom sun gina wa ma'aikatansu unguwanni a Arlit da Akokan, domin ba a kai ƙwararre cikin hamada a bar shi ba masauki. Sai dai akwai darasi: da aka rufe ma'adinan COMINAK a 2021, an ga yadda gidan da ke ɗaure da aiki yake zama abin damuwa ranar da aikin ya ƙare.

Me za ka iya yi?

Kafin ka yanke albashi, bincika kuɗin ɗaki a unguwannin da ke kusa da wurin aikinka. Albashin da bai ɗauki haya da sufuri ba, ba ya riƙe kowa.

Ranta wa sabon ma'aikaci kuɗin shiga gida, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan kowane wata, bisa yarjejeniya a rubuce gaban shaidu.

Haɗa kai da maƙwabtanka masu sana'a ku kama gida guda don ƴan koyo da marasa aure, ko ku ɗauki abin hawa guda mai kwaso ma'aikatanku safe da yamma.

In kai ne ka ba da masauki, a rubuta wa'adin da ma'aikaci zai samu ya nemi wani wuri idan aiki ya ƙare.

In za ka yi gini, nemi takardun fili daga ma'aikatar magajin gari, ka kauce wa fadama da hanyar ruwa. Akwai magina a ƙasar nan da suka koyi ginin tubali mai rufin ƙasa wanda ba ya buƙatar itace ko kwano. Yana rage kashe kuɗi, ɗakin kuma ya fi sanyi lokacin bazara. Don babban aiki, tuntuɓi Bankin Gidaje na Nijar, wanda aka buɗe a 2018, ka ji sharuɗɗansa.

A ƙarshe, ku kai maganar gaban ƙungiyarku ta ƴan kasuwa da hukumomin gari, domin a riƙa yanka filayen zama kusa da kasuwanni da wuraren sana'a, tare da ruwa, wuta da hanya.