Ɓawon "Kanda Stick" Da Lalurar Fitsarin Dattawan Fatake

'Yan'uwa fatake, akwai wata lalura da muke ɓoye wa juna saboda kunya. Duk wanda ya taɓa rako shanu daga Ngaundere zuwa Duwala tare da mu da muka haura hamsin, ya ga yadda muke tashi sau huɗu sau biyar cikin dare, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan, a gama tsarki a sake komawa. Galibi kumburin wani ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke kira furostat.

A Unguwar Hausawa ta New Bell, masu tallar magani sukan kawo mana wani ɓawo, su ce "kanda stick" ne. To, itacen dai gaskiya ne. Masana na ce masa Prunus africana, yana fitowa a Dutsen Kamaru da tsaunukan Bamenda. Kamfanin Plantecam da ke Mutengene ya daɗe yana tatsar ɓawon yana turawa Faransa a yi ƙwayoyi, kafin ya rufe a 2000. An ɓare itatuwan ba tausayi, har aka sa cinikinsa ƙarƙashin dokar duniya a 1995, kuma a 2007 Tarayyar Turai ta dakatar da sayensa daga Kamaru na 'yan shekaru.

Cikin ɓawon akwai wani irin maiƙon tsirrai da ake kira siterol. Bincike ya nuna yana sauƙaƙa fitar fitsari ga wasu, amma ba a tabbatar yana rage kumburin ba, ba ya kuma maganin sankara. Sannan wa ya auna mana ƙullin da ake sayar mana? Mu da ba mu sayen sa sai mun duba haƙori!

Shi wannan siterol yana tare hanji daga tsotsar kitsen da ke toshe jijiyoyin jini. Giram 2 kullum kan rage mugun kitsen da wajen kashi 10 cikin 100. Akwai shi a gyaɗa da riɗi da wake, sai dai ɗan kaɗan, ba zai biya bashin tozo da man shanun da muke kwasa kullum ba.

Don haka in an sauke kaya an karɓi kuɗi, a daure a leƙa asibitin Laquintinie ko na gundumar New Bell, a nemi gwajin jini na PSA da na kitse. In kuwa fitsari ya tsaya cak, ko aka ga jini, a bar wa yara shanun a tafi a ranar.