Marka Ce Ke Tona Asirin Sola a Kafanchan

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, farantan sola suka fara hawa rufin gidaje a Kafanchan, Kagoro da Zonkwa. Duhun rashin wutar lantarki da ya mamaye Arewa a Oktoban 2024 ya ƙara ingiza mutane. Amma da marka ta kama a Agusta, kukan ɗaya ne: tun kafin a kwanta inbata ta fara ƙara, wuta ta ɗauke. Jama'a na ɗora laifi a kan hadari, alhali tun ranar saye aka yi kuskuren lissafi.

Kudancin Kaduna ba Kano ba ce. Daminarmu kan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, kuma a kan yi kwana biyu ko uku rana ba ta leƙo ba. In gajimare ya yi kauri, faranti ba ya daina aiki, sai dai abin da yake bayarwa kan faɗi zuwa kwata ko ƙasa da haka. Masu haɗawa da yawa kuwa da ranar Maris suke auna gida: manyan batura, faranti kaɗan, don farashi ya yi wa mai saye daɗi. A rani komai lafiya. A marka batirin ruwa ba ya cika, ga firji da talabijin suna zuƙe shi ƙasa da rabi kowane dare. Wannan ne ke kashe shi, domin gishiri na taruwa a jikin dalmarsa har ya daina riƙe caji. Iyalin da suka tara kuɗin citta suka sayi batir, sai su sake saye tun lokacinsa bai yi ba, wasu su koma wa janareta.

Masu cewa jabun kaya ne matsalar suna da gaskiyarsu; akwai farantan da wat ɗin da aka rubuta musu ƙarya ne. Amma ko na asali ka saka, in bai kai yawan da ake buƙata ba, Agusta za ta kayar da shi.

Kafin ka biya kuɗi, ka sa mai haɗawa ya yi maka lissafi da hasken Agusta. Ƙarin faranti ya fi canjin batir araha.