Jinjiri Mai Saurin Numfashi

Wani lokaci mace takan haihu lafiya, amma sai a ga jinjirin yana numfashi da sauri, kamar wanda ya yi gudu. Me ke kawo haka?

Lokacin da jinjiri yake ciki, huhunsa cike yake da ruwa. In naƙuda ta fara, jikinsa yakan shanye ruwan, iska ta samu wurin shiga. To, wani jinjirin ruwan ba ya shanyewa da wuri. Shi ne za a ga yana haki. An fi ganin haka ga wanda aka ciro ta hanyar aiki, da wanda bai cika watanninsa ba, da wanda uwarsa ke da ciwon sukari.

Yaya za ki gane? Ki bari ya natsu. Ki buɗe ƙirjinsa, ki sa a duba miki agogon salula. Ki ƙidaya numfashinsa cikin minti ɗaya. In ya kai 60 ko ya wuce, ki sake ƙidayawa. In haka ne dai, ya yi yawa. Ki lura kuma ko yana nishi, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko leɓɓansa sun yi shuɗi, ko ya ƙi kama nono.

Wannan haki yakan wuce cikin kwana 1 zuwa 3. Amma fa ciwon huhu mai kisa ma haka yake farawa. Likita kaɗai ke iya rarrabe su. Saboda haka kada a ce sai bayan suna. Ko a unguwar Zariya kuke, ko Tibiri, ko Jiratawa, a kai shi likita mafi kusa nan take. In ya yi tsanani, za su tura ku babbar asibiti a Maraɗi. A hanya ki ɗora shi a ƙirjinki, fata da fata, ki rufe shi da zane.

A asibiti za a sa masa iskar oksijin, a ɗumama shi. In ba ya iya tsotso, sai ki tatso nono a ba shi ta ɗan siririn tiyo. In ana zaton ƙwayoyin cuta, a yi masa allura.

Kada a ɗura masa ruwa, ko jiƙo, ko rubutu, don yana iya shaƙewa. Kada a yi masa hayaƙi.

Maigida, kai ma ka tanadi kuɗin abin hawa tun kafin haihuwa.

Tambayoyi
1. Me ke cikin huhun jinjiri kafin a haife shi?
2. Numfashi nawa ne ya yi yawa cikin minti ɗaya?
3. Don me ba a jira sai bayan suna?