Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Ake Raya Tsohuwar Kwamfuta Da Linux

Duk wanda ya saba shiga kasuwannin bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni zuwa Ɗan Isa, daga Magarya zuwa Gaya, ya san irin kwamfutar da za mu yi magana a kanta. Baƙin akwati ne mai nauyi da ake turawa ƙarƙashin tebur a shagon masu buga takardu, ko a rumfar babban dillali, ko a ofishin masu fiton kaya a duwan. Yawancinsu ƴan Kwatano ne, wato sun gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin a loda su a kwantena a sauke a Kwatano ko Lome. Akwai Dell OptiPlex, da HP Compaq, da Lenovo ThinkCentre, akwai kuma manyansu irin HP Z400 da Dell Precision T3500, waɗanda aka fitar a 2009 domin injiniyoyi da masu zanen gini.

Kuɗin akwatin ba wani abu ba ne a wurin ɗan kasuwa. Abin da ke ciki shi ne dukiyar: sunayen waɗanda ake bi bashi, adadin buhunan da suka shiga sito, kwafin takardun kaya. Ranar da aka danna maɓalli ta ƙi tashi, ranar ce mai shago ke gane haka.

Abin da ya sa maganar ta taso

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake yi wa Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a 2020 da Windows XP a 2014. Ma'anar wannan ita ce kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma ƙofofin da ɓarayin intanet ke ganowa ba mai toshe su, sai ga wanda ya shiga wani tsarin ƙarin wa'adi. Shi kuwa Windows 11 ya zo da sharuɗɗa: yana son wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel ba ya karɓar injin da bai kai zubi na takwas ba, wanda ya fara fitowa a 2017. Kusan duk kwamfutocin da ke kasuwanninmu sun girmi wannan.

A nan ne Linux ya shigo. Babbar manhaja ce mai sarrafa kwamfuta kamar Windows, wadda wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, ya bar ta a buɗe ga kowa. Ba a sayenta, ba a neman lasisi, kuma kwafarta ba sata ba ce. Mai karatu ya riga ya riƙe ta a hannu ko da bai sani ba, domin a kanta aka gina Android na wayar salula. Jandarmomin Faransa ma sun mayar da dubban kwamfutocin ofisoshinsu kanta tun wajen 2008.

To amma fa saka Linux a tsohuwar na'ura ba kullum yake tafiya sumul ba. Sau da yawa yaron shago zai gwada, ya ga baƙin allo, ya ce ai Linux ba ya aiki. Gaskiyar magana ita ce mafi yawan cikas ɗin ƙanana ne, kuma rabinsu ba na manhaja ba ne, na ƙarfen ne da kansa. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan bi su daki-daki, daga bango zuwa ciki.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kafin a taɓa komai, a kwashe lissafi. A kwafe dukkan takardun aiki a filashi biyu, a ajiye ɗaya a gida. Idan Windows ɗin ya riga ya ƙi tashi, kada a yanke ƙauna: ana iya tayar da Linux daga kan filashi ba tare da an girka shi ba, a buɗe faifan ajiyar, a kwashe abin da ke ciki. Mutane da yawa sun rasa lissafin shekaru saboda mai gyara ya yi gaggawar goge faifai, alhali takardun na nan lafiya.

A fara daga wuta

A bayan wasu tsofaffin akwatuna, kusa da inda ake soka waya, akwai wani ɗan jan maɓalli mai lambobi 115 da 230. Na'urar da ta fito daga Amurka takan zo a kan 115, mu kuwa wutarmu 220 ce. Wanda ya jona ba tare da ya tura shi zuwa 230 ba, ƙara da hayaƙi zai gani. A duba wannan tun a wurin saye.

Bayan haka sai a cire wuta, a buɗe akwatin. Ƙurar hunturu kan yi dam a jikin fanka har iska ta kasa wucewa, kuma kwamfutar da ta yi zafi takan kashe kanta a tsakiyar aiki. A hure ƙurar da busasshiyar iska, a riƙe fankar kada ta juya. Idan har yanzu tana mutuwa bayan ƴan mintuna, to man da ke tsakanin injin da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, sai mai gyara ya goge ya shafa sabo. A kuma duba ƴan ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a babban allon ciki. Kansu ya kamata ya zama a shafe. Idan sun kumbura ko suna tsatsar wani abu ruwan ƙasa, allon ya kama hanyar mutuwa, kuma babu manhajar da za ta warkar da shi. Wannan cuta ta yi yawa a na'urorin farkon shekarun 2000.

Batirin da ke rikita kwanan wata

Ga wata matsala da ke wahalar da mutane alhali maganinta a kasuwa yake. A jikin babban allon akwai wani batiri fai-fai kamar ƙwandala, lambarsa CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Shi ke riƙe agogo idan an cire wuta. Idan ya mutu, duk safiya kwamfutar za ta tashi da kwanan watan shekarun baya. Daga nan sai shafukan banki da na wasiƙa su ƙi buɗewa, suna cewa takardar shaidarsu ba ta inganta ba, Linux kuma ya ƙi sauko da sabbin gyare-gyare. Mai shago zai ɗauka intanet ne ya lalace. A sayi batirin wurin masu gyaran agogo, a canza, a saita kwanan wata, shi ke nan.

Wanda ya bar Windows da Linux a na'ura guda zai iya ganin agogo yana saɓawa da awa ɗaya daidai. Ba lalacewa ba ce. Linux kan ajiye agogon ciki a kan lokacin duniya na GMT, mu kuma a Nijar da Najeriya muna gabansa da awa guda, shi kuwa Windows yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin lokacin gari.

Idan an kunna sai ta riƙa ƙara "tit-tit" babu hoto, yawanci sandunan RAM ne suka motsa. A zare su, a goge bakinsu da magogin fensir a hankali, a mayar har sai sun yi ƙas. Akwai manhajar gwaji mai suna Memtest86+ da ke nuna sandar da ta lalace. A lura cewa DDR2 da DDR3 ba sa shiga ramin juna, kada a tilasta.

Kowane jaki da kayansa

Linux ba iri ɗaya ba ne, kuma zaɓen wanda ya fi ƙarfin na'ura shi ne kuskuren da aka fi yi. Kwamfutar da ke da giga 4 na RAM za ta ji daɗin Linux Mint mai fuskar Xfce, ko Xubuntu. Mai giga 2 ta fi dacewa da Lubuntu. Wadda ba ta kai haka ba, akwai antiX, wanda aka yi domin irin waɗannan tsofaffi.

Sai batun 32 da 64. Injin Core 2 Duo da ya fito a 2006, da waɗanda suka biyo bayansa, suna ɗaukar bugun 64, ko da kuwa Windows ɗin da suka zo da shi na 32 ne. Amma yawancin tsofaffin Pentium 4 na 32 ne kawai, kuma ƙofa na rufewa a kansu: Linux Mint ya bar 32 tun 2020, Debian 12 na 2023 shi ne na ƙarshe a gidansu mai cikakken bugun 32, domin Debian 13 na 2025 ya sauke shi. Saboda haka wanda zai sayi ta hannu yau, kada ya karɓi abin da bai kai Core 2 Duo ba, komai arharsa.

Ana zuba Linux a filashi da manhajar Rufus ko Ventoy. Don a tayar da kwamfuta daga filashin, ana danna F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP, da zarar tambarin kamfanin ya bayyana. Idan na'urar ta ƙi ganin filashin, galibi an zuba shi ne bisa sabon tsarin UEFI, ita kuwa tsohon tsarin BIOS kawai ta sani. A sake zubawa, a zaɓi MBR a cikin Rufus. Sai an gwada akan san na ƙwarai: a yi aiki da shi daga filashin, a ga sauti da intanet da firinta sun amsa, kafin a girka.

Baƙin allo

Wannan ne ke firgita mutane, kuma ya fi faruwa a manyan na'urori masu tsohon katin hoto na Nvidia Quadro. Kamfanin ya daina sabunta direbobin waɗannan katuna, wato ƴan manhajojin da ke sa Linux ya fahimce su: jerin 340 ya tsaya a ƙarshen 2019, na 390 a ƙarshen 2022. Linux na da nasa direban kyauta mai suna nouveau, amma wani lokaci sukan saɓa da katin a tashin farko.

Dabarar ita ce, idan jerin zaɓin farko mai suna GRUB ya fito, a danna harafin e, a nemi layin da ke da kalmomin quiet splash, a ƙara nomodeset a bayansu, a danna F10. Hoto zai fito, ko da bai yi kyau sosai ba, ya isa a kammala girkawa a sauko da gyare-gyare. Idan kuma na'urar irin OptiPlex ce mai ramin hoto a jikin babban allo, abu mafi sauƙi shi ne a zare katin gaba ɗaya a soka wayar a can. Lissafin shago ba ya bukatar katin masu zanen gini, kuma wutar da ake sha za ta ragu.

Bayan an ɗauke wuta

Wata rana wuta za ta tafi ana tsakiyar aiki, a dawo a tarar da baƙin allo da kalmar initramfs tana jira. Takardu ba su ɓace ba. Faifan ne bai rufu daidai ba, yana neman a duba shi. A saman allon za a ga sunansa, alal misali /dev/sda1 ko /dev/sda2. A rubuta fsck -y sannan sunan da aka gani, a jira ya gama, a rubuta exit. Idan abin ya zama na kullum, to faifan ne ya tsufa. Manhajar Disks na nuna lafiyarsa. Faifan da ke ƙarar ƙas-ƙas kuwa ba a jira da shi. A canza shi da SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki. A duk gyaran da za a yi wa tsohuwar kwamfuta babu wanda ke ƙara mata sauri kamar wannan. A haɗa da ƙaramin UPS, wanda a nan aka fi sani da ondilar, don a samu mintunan kashewa cikin tsanaki.

Ƙananan abubuwa masu ɓata rai

Kalmar sirri na iya ƙin shiga alhali daidai aka rubuta. A duba allon madannai: na Faransa yana farawa da AZERTY, na Ingila da Amurka da QWERTY, kuma idan an saita wani a kan wani sai A ta koma Q. A cikin jerin harsuna akwai tsarin Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ga mai son rubuta sunayen abokan ciniki yadda suke.

Idan babu intanet, a jona wayar Android da wayar caji mai ɗaukar bayanai, a kunna raba intanet ta USB, Linux zai gane ta nan take. Yawancin tsofaffin firintocin HP suna aiki da manhajar HPLIP. Takardun Excel da Word kuma suna buɗewa a LibreOffice, sai dai a duba tsarin teburan kafin a buga.

Inda ya kamata a dakata

Akwai manhajojin lissafi da na aika kuɗi, da wasu na'urorin ɗaukar zanen yatsa, waɗanda Windows kawai suka sani. Wanda abincinsa ya rataya a kan irinsu, ya tambayi masu manhajar tukuna kafin ya goge komai. Wasu kan ware na'ura ɗaya domin wannan aiki kaɗai, su mayar da sauran kan Linux.

Ga ɗan kasuwar da aikinsa shi ne lissafi da wasiƙa da buga rasit, akwatin 2009 da aka share masa ƙura, aka canza masa batiri da faifai, zai iya ƙara shekaru yana aiki. Sharaɗin guda ne: duk ranar kasuwa, kafin a rufe shago, a kwafe lissafin ranar a filashi, a sa a aljihu. Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa mai albarka.